Lafiyar ma'aikacin kamfani a Kano: jita-jitar bakin ƙofa da abin da doka ta ce

Da zarar rediyo ya ambaci shirin ƙara wa 'yan kasuwa hannu a harkar lafiya, sai zance ya ɓarke a teburan masu shayi na Sharaɗa da Challawa da Bompai: wai gwamnati za ta sayar da asibitocinta, talaka ya san inda dare ya yi masa. Wannan jita-jita ba ta da tushe. Asibitin Murtala da na Nassarawa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, na Malam Aminu Kano kuma na Gwamnatin Tarayya ne. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita, mai yawa a kemis da asibitocin kuɗi. 'Yan kasuwa sun daɗe da shigowa, abin tambaya shi ne wa ke biya, wa ke sa musu ido.

A unguwannin masana'antu kuwa, babban ɗan kasuwar da lafiyar mutum ke hannunsa shi ne mai kamfani, kuma a nan ne ƙarya ta fi yin jijiya.

Ana cewa inshorar lafiya alfarma ce, in oga ya ga dama ya yi. A da akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta mai da hukumar inshorar lafiya ta NHIS ta zama NHIA, ta wajabta inshorar, har da kamfanoni masu ma'aikata 5 zuwa sama. Cewa ana taɓa albashi kuma gaskiya ne: a tsarin da aka saba, kamfani na zuba kashi 10 na asalin albashi, ma'aikaci kashi 5, katin inshorar ya ɗauki mutum da matarsa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara zai ce wannan lissafi ba a Kano aka yi shi ba, kuma yana da hujja. Jiha ma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, da aka kafa da dokar 2016.

Wadda ta fi cutarwa ita ce maganar cewa lebura na kullum, wanda ake ɗauka a bakin ƙofa da safe a sallama da yamma, ba shi da haƙƙin komai idan ya ji rauni. Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Inji ya datse wa yaro yatsu, a ɗaure hannun da tsumma, a tare adaidaita sahu, a danƙa wa abokinsa 'yan dubbai a ce "a je a yi magani, Allah Ya kiyaye gaba." Kafin ɗinki ya warke wani ya tsaya a gurbinsa. Alhali dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci ma'aikacin wucin-gadi da na kullum da ɗan koyo ƙarara. Kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, kuma dokar ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin kowa. Wanda duk aka ce masa ana yankar masa "kuɗin NSITF", to cutarsa ake yi. Diyyar ba ta tsaya kan haɗarin inji ba, ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, irin ƙaiƙayi da gyambon da sinadarin kuromiyom ke haddasa wa masu aiki a kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. A ganina, kafin a yi maganar gina sababbin asibitocin kuɗi, wannan bashin ya kamata a fara karɓa.

Sai batun "ajiye kuɗi kafin a taɓa ka". Cewa ana yin hakan gaskiya ne. Cewa doka ta yarda da shi a halin gaggawa ƙarya ce. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, hukuncin kuma tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Tarar dai yanzu ta zama abin dariya. Masu ƙananan asibitoci kuma suna da nasu kukan: su sa jini, su ƙona dizal, dangi su ɓace. Kukan na gaskiya ne, maganinsa katin inshora a aljihun ma'aikaci. A Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitocin kuɗi rajista, tana rufe na bogi, can ake kai ƙorafi.

Haka lokacin da NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan dillalan magani a Sabon Gari a watan Fabrairun 2024, an yi ta cewa an hana 'yan kasuwa sayar da magani. Ba a hana ba, an tura masu sari ne zuwa cibiyar Ɗangwauro da ke titin Zariya, inda za a iya bin sawun kowane kwali.

Akwai kuma wadda ba zan ƙaryata ba: cewa mai neman haƙƙinsa yana iya rasa aikinsa. Leburan da ba shi da takardar ɗauka, ba shi da ƙungiya, da wuya ya ɗaga murya. Duk da haka dokar diyya ta 2010 ta sa lokaci: a sanar da kamfani cikin kwana 14 da jin raunin, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Takardar asibiti ta ranar farko da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu su ne hujja, don haka a adana su tun kafin a fara zancen sulhu.