Na'ura ta fi kowa iya shaɗaranji, to me ya rage wa littafi?

A ɗakin karatu na jama'a da ke birnin Cleveland a Amurka akwai wani sashe da wani lauya, John G. White, ya bari wasiyya lokacin da ya rasu a 1928. A yau sashen na ɗauke da littattafai da mujallu da rubuce-rubucen hannu sama da 30,000, mafi yawansu a kan wasa guda: shaɗaranji, darar nan mai gidaje 64 da yaran zamani ke kira ces. Tun watan Mayun 1997, da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kayar da zakaran duniya Garry Kasparov da maki uku da rabi da biyu da rabi a New York, ake ta tambayar ko wannan tulin takarda yana da sauran amfani. Tambayar ta ƙara nauyi yanzu da manhajar Stockfish, wadda ake saukewa kyauta a waya, ta fi duk wani ɗan Adam da ya taɓa zama gaban allo. Ra'ayina shi ne na'ura ta kashe kashi ɗaya na waɗannan littattafai, kuma babu dalilin yi masa kuka, amma kashin da ya rage ta ƙara masa daraja ne, domin ita hukunci take yankewa ba ta kawo dalili, shi kuwa mai koyo dalilin yake nema.

Kalmar shaɗaranji ba baƙuwa ba ce ga wanda ya sauke Risala a zaure, don Ibn Abi Zaid ya ambaci wasan cikin abubuwan da ya hana, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna saɓani a kansa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne littattafan nazarin wasan da Larabci suka fara. A Bagadaza, a ƙarni na tara, al-Adli ya rubuta littafi a kansa, sannan as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya rubuta nasa. Sun tsara yadda ake jera runduna a farkon wasa, suka kira shi ta'abiya, suka tara wasu matsaloli na ƙarshen wasa da ake kira mansuba, suka kuma jera 'yan wasa daraja-daraja da labarin wanda ya fi wani. Ke nan rassa ukun da ake rubutu a kansu har gobe, wato buɗe wasa, dabarar tafiyar da shi, da tarihin gwanaye, sun tsiro ne tare shekara dubu da suka wuce. As-Suli ya bar wata matsala mai sarki da waziri a kowane ɓangare, ya yi alfaharin babu mai warware ta sai wanda ya koya wa. Sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya fito da amsarta.

Reshen buɗe wasa shi ne ya fi saurin tsufa, kuma haka yake tun kafin a san kwamfuta. A ƙarshen ƙarni na 15, a Sifen, aka canza dokar wasan: wazirin da ke tafiya gida ɗaya tak a karkace ya zama sarauniya mai ratsa allo ta kowace fuska, giwa ma aka sake mata mara. Nan take duk ta'abiyar Larabawa ta zama tarihi. Sai aka soma sabon lissafi, daga littafin Lucena na 1497, zuwa na wani limamin coci, Ruy López, a 1561, wanda har yau akwai buɗin da ke amsa sunansa, zuwa babban kundin Jamusawa na Bilguer a 1843. A Belgrade, tsakanin 1974 da 1979, aka fitar da kundi mai juzu'i biyar da ya raba dukkan hanyoyin buɗe wasa gida 500, daga A00 zuwa E99. Duk wanda ya buɗe shafinsa zai ga layuka a jere kamar jadawalin lokutan salla, ƙananan lambobi na tura mai karatu zuwa ƙasan shafi, kuma kowane layi ya ƙare da wata alama: alamar daidai idan an yi kunnen doki, alamar ƙari a bisa ta ragi idan fari ne ke da rinjaye. Babu jimlar bayani ko ɗaya, da gangan, don Bajamushe da Balarabe da ɗan Rasha su karanta ba tare da tafinta ba. Littafin da ya cire magana ya bar lissafi zalla ya riga ya miƙa wuyansa ga ranar da za a sami abin da ya fi shi lissafi. Ranar ta zo, rumbun wasanni na intanet yana sabuntawa kowane mako, kundin takarda kuwa kafin ya fito daga maɗaba'a wani yaro ya rushe layinsa a wata gasa.

Sai dai wasa ba ya ƙarewa a taku na goma sha biyar. Idan hadda ta ƙare, ɗan wasa ya tsinci kansa a wurin da babu wanda ya taɓa zuwa, agogo na cin lokacinsa, waya kuma haramun ce a ɗakin gasa. Me yake jingina da shi a nan? Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun duba wannan. Adriaan de Groot na ƙasar Holan, a binciken da ya wallafa a 1946, ya gano cewa manyan gwanaye ba su zarce ƙwararru na ƙasa da su sosai ba wajen yawan takun da suke hangowa. Inda suka yi fintinkau shi ne tun kallon farko idonsu ke sauka a kan takun da ya dace. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka ci gaba da wannan bincike a Amurka. Za a nuna wa mutum allo na daƙiƙa biyar, a rufe, a ce ya mayar da 'ya'yan wasan inda ya gan su. Idan an ɗauko tsarin daga wasa na gaske, gwani kan mayar da kusan 16 daidai, ɗan koyo kuwa kusan 4. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai ba bisa wata ma'ana ba, sai tazarar ta kusan ɓacewa. Gwani dai ba ƙwaƙwalwar aljanu gare shi ba. Yana ganin allo ne gungu-gungu, kamar yadda mai karatu ke ganin kalma ba harafi ba, kuma waɗannan gungu sai an tara su cikin shekaru, kowanne da sunansa da dalilinsa.

Littattafan dabara su ne suka raɗa waɗannan sunaye. Philidor, Bafaranshe mai tsara kiɗa, ya fitar da littafinsa a 1749 yana ɗan shekara 23, a zamanin da kowa ke rugawa kai farmaki, ya nuna cewa dakarun nan takwas da ake rainawa su ne ke yanke inda yaƙi zai karkata. Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar cewa ba a kai hari sai an tara ƙananan ribobi tukuna. Siegbert Tarrasch, likita ne Bajamushe, ya mayar da koyarwar ƙa'idoji masu tsauri, daga ciki har da cewa dole a mamaye tsakiyar allo da dakaru. Aron Nimzowitsch, wanda ba sa ga maciji da Tarrasch, ya zo a 1925 da littafinsa Mein System ya ce ana iya riƙe tsakiya daga nesa, ya kuma yi dogon bayani a kan toshe wa dakare hanya da rigakafin abin da abokin karawa ke shirin yi. Abin lura shi ne duk cikinsu babu wanda ya yi daidai ɗari bisa ɗari, kuma rigimarsu ita ce ribar mai karatu. Wanda ya bi wannan muhawara matani da sharhi ya san abin da zai tambayi kansa idan ya ga dakare shi kaɗai a tsakiyar allo: rauni ne, ko ƙarfi ne, kuma a wane hali? Manhaja idan aka nuna mata wannan tsari za ta rubuta +0.4, ta jero taku ashirin, ta yi shiru.

Mafi daraja a wannan fanni, a ganina, su ne littattafan da gwani ya zauna ya faɗi abin da ke ransa lokacin da yake wasa. David Bronstein ya yi sharhin dukkan wasanni 210 na gasar Zurich ta 1953, wadda mutum 15 suka fafata kuma Vasily Smyslov ya lashe, ya taƙaita jerin lissafi ya mai da hankali kan tsakiyar wasa: me ya sa wane ya ji tsoro a nan, me ya ja hankalin wane har ya manta da ɗaya gefen allo. Bobby Fischer, a tarin wasanninsa 60 da ya fito a 1969, ya saka har da uku da aka cinye shi da tara da aka tashi canjaras, abin da masu irin wannan littafi ba su saba yi ba. Mikhail Tal ya rubuta labarin karawarsa da zakaran duniya Botvinnik ta 1960 wasa bayan wasa, har da inda ya yi kasada yana sane. Wannan ilimi ne na yadda mutum mai gajiya da tsoro da ƙarancin lokaci ke yanke shawara, kuma duk wanda zai zauna gaban allo irin wannan mutumin ne.

Masu sukar tsofaffin littattafai suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba: cike suke da kurakurai. John Nunn, gwani ɗan Ingila kuma masanin lissafi, ya tace wasannin gasar Karlsbad ta 1911 da kwamfuta, ya kwatanta da na gasar Biel ta 1993, ya samu manyan kurakurai sun fi yawa nesa ba kusa ba a wasannin magabata. Kasparov ma, a juzu'i biyar da ya rubuta tsakanin 2003 da 2006 a kan zakarun da suka gabace shi, ya yi ta gyara sharhin da aka yi shekaru ana karantawa kamar yankan wuƙa. To me zai sa a ba yaro littafin da aka san da kuskure a ciki? Amsar ita ce daidai da abin koyo ba kullum suke tafiya tare ba. An riga an lissafe duk wani ƙarshen wasa mai 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka, kuma a cikinsu akwai tsarin da sai an yi taku sama da 500 kafin a kama sarki. Kowane taku a ciki daidai ne, amma manyan gwanaye suna kallo ba sa gane inda aka dosa. Shi kuwa kuskuren Tarrasch yana zuwa da hujjarsa a rubuce, don haka idan manhaja ta nuna inda ya karkace, mai karatu ya koyi abu biyu: ƙa'idar, da iyakarta. Kwamfuta a nan ta zama mai hashiya a gefen shafi, kuma hashiya ba ta tsayawa sai da matani.

Akwai kuma masu cewa yaran yanzu a gaban allon kwamfuta suka tashi, ga shi suna zama gwanaye tun suna 'yan shekara 12 ko 13. Gaskiya ne. Amma wanda ya fi kowa nisa a cikinsu, Gukesh na Indiya, da ya zama zakaran duniya a Singafo a Disambar 2024 yana ɗan shekara 18, kocinsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi da manhajojin lissafi a shekarunsa na farko don ya saba tunani da kansa. A 2000 kuma, a Landan, Vladimir Kramnik ya karɓe kambu daga hannun Kasparov da taimakon kariyar Berlin, wani tsohon salo na ƙarni na 19 da aka jingine don ana ganin sarkin baƙi na rasa mafaka tun taku na takwas. Kasparov, wanda babu wanda ya kai shi shirin buɗe wasa da kwamfuta a lokacin, bai ci wasa ko ɗaya ba cikin 15. Da tsohuwar zuma aka yi wannan magani.

Reshen tarihin rayuwar gwanaye shi ne nake karantawa da taka-tsantsan, domin ƙarin gishiri ya yi masa yawa. Labarin nan na cewa 'yan kallo sun yi wa gwanin Amurka Frank Marshall ruwan tsabar zinariya a kan allo a Breslau a 1912 ya shiga littafi bayan littafi, alhali masu bincike sun daɗe suna jayayya a kansa, kuma masanin tarihin wasan Edward Winter ya shafe shekaru tun 1982 yana bin irin waɗannan tatsuniyoyi yana tone asalinsu. Duk da haka, abin da ya tabbata ya isa darasi ga duk saurayin da ke mafarkin cin abinci da wasan: Steinitz ya mutu a New York a 1900 ba shi da ko sisi, Alekhine kuma an tsinci gawarsa a ɗakin otel a Estoril ta Fotugal a 1946, yana riƙe da kambun duniya.

Don haka wanda kuɗinsa bai wuce na littafi ɗaya ba, kada ya kai su ga kundin buɗe wasa, wayarsa ta wadatar da shi a nan. Ya nemi na Bronstein ko na Fischer, ya shimfiɗa allo na gaske a gabansa, ya rufe takun da ke tafe da 'yar takarda, ya zaɓi nasa ya rubuta dalilinsa kafin ya duba abin da gwanin ya yi. Manhajar kuwa ya bar ta a kashe sai ya kai ƙarshen wasan.