Daga ina wutar Garwa take zuwa?

Yara, kowane aiki yana bukatar ƙarfi. Tukunya ba ta tafasa sai da wuta. Mota ba ta tafiya sai da mai. Abin da ke ba da wannan ƙarfi shi ake kira makamashi. A ƙasarmu Kamaru muna samun makamashi daga itace, man fetur, ruwa da hasken rana.

A nan arewa, yawancin gidaje da itace ko gawayi suke girki. Fetur da kananzir kuwa daga kudu suke zuwa. Jirgin ƙasa ne ke kawo su Ngaundere, sannan manyan motoci su ɗauko su zuwa Garwa. Man da aka ƙona ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

To, wutar lantarki fa? Yawancin wadda muke sha daga kogin Binuwai take fitowa. A Lagdo, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, an tare kogin da babbar madatsa. An fara aikin a shekarar 1977 da taimakon ƙasar Sin, aka gama a 1982. Ruwa ya taru a bayan madatsar, ya zama tafki mai faɗi.

Ga yadda ake samun wutar. Ana sakin ruwan tafkin ta cikin manyan bututu. Ruwan ya gangara da ƙarfi ya juya farfela, ita kuma ta juya inji, injin ya ba da lantarki. Injuna 4 aka kafa a Lagdo, an tsara su ba da megawat 72. Megawat shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki. Daga can wayoyi suke kai wutar Garwa da Marwa da Ngaundere.

Amma in damina ba ta yi kyau ba, tafkin yakan ja baya, injuna su rasa ƙarfi, a riƙa ɗauke wuta. Akwai kuma wata matsala. Idan aka sare itatuwan daji, ƙasa takan zauna tsirara. Ruwan sama ya kwashe ta ya zuba a kogi, laka ta taru a gindin tafki, wurin ajiye ruwa ya ragu. Kun ga ke nan, mai saran itace barkatai yana rage mana haske da dare.

Don a taimaka wa Lagdo, a shekarar 2023 an buɗe tashoshin lantarki masu aiki da hasken rana a Marwa da Gidar. Kowace ta fara da megawat 15.

Ku ma kuna da aikin yi. Ku kashe ƙwan lantarki in gari ya waye. Ku rufe tukunya in ana girki, don kada itace ya ƙare a banza. Kowane ɗalibi ya dasa dogon yaro ɗaya, ya riƙa ba shi ruwa har ya kama.

Tambayoyi

1. Mene ne makamashi?
2. A wace shekara aka gama madatsar Lagdo?
3. Yaya ruwa yake ba da lantarki?
4. Me ya haɗa saran itace da ɗauke wuta?
5. Da me ake girki a gidanku? Daga ina ake samo shi?