Tsofaffin Takardun Hawai da Har Yau Ake Kai Wa Kotu

A ƙarshen 2016, kamfanonin Mark Zuckerberg, mai Facebook, suka shigar da ƙara kan mallakar wasu gonaki a tsibirin Kauai na jihar Hawai. Attajirin ya sayi fili mai faɗin eka kusan 700, sai ga 'yan gonakin gado a tsakiyarsa, waɗanda masu su ke da ikon ratsa filin su isa wurinsu. Da ƙorafi ya yi yawa, ya janye ƙarar a Janairun 2017. Asalin gonakin nan wata doka ce ta 1850.

A da, ƙasa a Hawai ba abin sayarwa ba ce. Ta sarki ce, hakimai suna riƙe da yankuna da suka miƙe daga kan dutse zuwa bakin teku, talakawa kuma suna noman gwaza suna kamun kifi suna kai gaisuwa. Turawa 'yan kasuwa da 'yan mishan ne suka matsa a rubuta wa kowa nasa. A 1848 Sarki Kamehameha na Uku ya raba ƙasar tsakaninsa da hakimai fiye da 240, aka rubuta rabon a littafi guda, Buke Mahele.

Talaka fa? An ce ya kai da'awarsa a rubuce gaban hukumar filaye kafin 14 ga Fabrairun 1848, ya kawo shaidu, ya biya kuɗin awo. Mutumin da bai taɓa jin an mallaki ƙasa da takarda ba, ina zai ga dalilin wannan wahala? Wasu tsoron hakimi ya hana su, wasu kuma annobar ƙyanda ta wannan shekara ta kwashe su. An kai da'awa kimanin 14,000, aka amince da 8,000 da 'yan kai, dokar 1850 ɗin nan kuma ta mallaka wa masu su gonakin. Duk abin da talakawa suka samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar ba. A 1850 ɗin dai aka ba baƙi damar sayen fili, masu gonakin rake suka shigo da ƙarfinsu.

Abin mamaki, hukumar da ta bar talaka da guntu ita ce ta adana muryarsa. Kundayenta suna ma'ajiyar tarihi ta jiha a Honolulu, akasarinsu da harshen Hawai. Mai bincike ya buɗa shafi, sai ya ga manomi yana lissafa fadamun gwazarsa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda ya ba shi da zamanin da aka ba shi, maƙwabci kuma yana rantsuwa cewa iyakar ta tsaya a bakin rafi. Da irin waɗannan takardu masaniyar tarihi Lilikala Kameeleihiwa ta rubuta littafinta na 1992 kan rabon. Da su ne kuma jikokin manoman ke haɗa salsalarsu idan sammacin kotu ya iso, wani lokaci magada ɗaruruwa a kan gonar da ba ta wuce eka biyu ba.