Lambar Shaida da Binciken Lasin: Bayani ga Hakimai da Malaman Ofis a kan Satar Manhajar Kwamfuta

Tun daga shekarar 1991 da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aikin takarda sai ƙaruwa yake yi a Birnin Kebbi da Argungu da gundumomin da ke ƙarƙashinsu. Abin da a dā malamin Hakimi ke rubutawa da alƙalami ko da tafireta, kamar takardar shaidar asali, da ta cinikin gona, da jerin sunayen Dagatai da Masu Unguwa, yanzu da yawansa a kwamfuta ake bugawa. Ita kuwa kwamfuta ƙarfe ce kurum. Abin da ke sa ta aiki shi ne manhaja, watau tsarin umurni da masana suka rubuta, irin su Windows da Office na kamfanin Microsoft da ke Amurka. Manhaja dukiyar mai ita ce. Wanda ya biya kuɗi, izinin aiki da ita ya saya, wannan izini shi ne lasin. Wanda ya kwafa ya ɗora ba tare da izini ba ya yi abin da doka ke kira satar fasaha.

Abin ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar masu yin manhaja da ake kira BSA ta ƙiyasta cewa a 2017 kashi 80 cikin ɗari na manhajar da ke kan kwamfutocin Nijeriya ba ta da lasin, alhali a duniya duka kashi 37 ne. Wasu masu aiki da ita ma ba su sani ba, gama mai kanti ko mai gyara ne ya ɗora musu.

Dattawan da suka ga aikin haraji da jangali a zamanin En'e ba za su sha wuyar gane dabarar da kamfanoni suka ɓullo da ita ba. Kowane rasit yana da lambarsa, kuma akwai ɗan'uwansa mai lamba ɗaya da ke saura a littafi, a mayar Baitulmali wurin Ma'aji. Lambar da ke hannun talaka ita kaɗai ba ta tsare kuɗin hukuma, domin mai wayo yana iya buga irinta. Abin da ke tona asiri shi ne ranar da aka gwama ta da littafi.

Da farko masu manhaja rasit kaɗai suka yi, babu littafi. Suna manna lambar shaida a jikin kwalin faifai, mai saye ya buga ta sa'ad da yake ɗora manhajar. Manhajar da kanta ke duba lambar da wani ɗan lissafi. A Windows 95, alal misali, lambobi bakwai na ƙarshe ake tarawa, in jimlarsu ta rabu da bakwai ba saura, sai ta karɓa. Ashe ke nan wanda ya buga 1 sau bakwai ya wuce. Har wa yau lamba guda ta gaskiya tana iya zagaya gari, ta buɗe kwamfuta ɗari, mai kaya bai sani ba.

A 2001, da fitowar Windows XP, aka kawo littafin. Lambar tana da harufa da alƙaluma 25, kashi biyar, biyar-biyar. Bayan an buga ta, kwamfutar takan duba kayan cikinta, ta fitar da wata lamba ta biyu wadda ke zaman kamanninta, sa'an nan ta aika duka biyun ta intanet zuwa babbar na'urar kamfani. Can za a duba: wannan lamba daga gare su ta fito? An taɓa aiki da ita a wata kwamfuta dabam? Sau nawa? In ta yi daidai a rubuta ta a amince, in an same ta a wurare da yawa a soke ta. An ba mai saye kwana 30 ya kammala wannan, wanda ba shi da intanet kuwa aka tanadar masa hanyar tarho.

Masu satar ba su zauna ba. Lambar da aka ba manyan ma'aikatu don kwamfutoci masu yawa ba ta bukatar wannan bincike a lokacin, sai wata ta ɓulla ta bazu ko'ina, har kamfanin ya toshe ta a 2002. Daga Windows Vista aka sa irin waɗannan ma'aikatu su ma su riƙa sabunta izini, ga masu bi ta na'urar ma'aikata kowane kwana 180. Tun Windows 8 a 2012, masu ƙera kwamfuta suna binne lambar a cikin na'urar kanta, ba a ganin ta a jikin murfi. Kamfanin Adobe kuwa a 2013 ya koma haya: ana biya wata-wata ko shekara-shekara, manhajar tana leƙa intanet lokaci-lokaci ta tabbatar an biya. Office ma yana da irin wannan haya, in an daɗe ba a tabbatar ba sai ya bar mutum ya karanta takarda amma ya hana shi gyara ta.

Nan ne abin ya shafi ofishin Hakimi kai tsaye. Abin da mai gyara kan ɗora domin “buɗe” Windows kyauta wata 'yar manhaja ce da ke kwaikwayon na'urar ba da izini, tamkar wanda ya sassaƙa hatimin Sarki a gidansa. Kafin ta zauna, sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, watau manhajar da ke kama cuta. Ba mai iya rantsuwa a kan abin da ya shigo tare da ita. Kāna mai irin wannan kwamfuta yakan rufe ƙofar gyare-gyaren da kamfani ke aikowa, don tsoron kada a gane shi. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle takardun mutane a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, ta ce sai an biya fansa, alhali kuwa tun watan Maris an riga an aika maganin wannan kafa ga masu karɓar gyara. Takardar iyakar fadama tsakanin ƙauyuka biyu a bakin Gulbin Rima, in ta salwanta ta haka, rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin lasin nesa ba kusa ba.

Ga kuma doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta lissafa manhaja cikin rubutattun ayyuka kamar littafi, ta kuma haramta karya makullin da mai aiki ya sa wa aikinsa, da yin kayan karyawa ko sayar da su. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ke lura da ita, hukuncin kuwa tara ne ko ɗauri. Abin kunya ne ƙwarai a sami kayan sata a ofishin da ake kawo ƙarar ɓarawon akuya.

Gaskiya ne tsarin yana da nauyi a kan mai gaskiya. Farashi yana bin dala, intanet kuma a wajen Augie ko Kangiwa ba kamar ta Birnin Kebbi ba ce. Amma Windows sau ɗaya yakan nemi tabbaci, ana iya yinsa a gari kafin a kai kwamfutar gunduma. Ofishin da ba shi da intanet kullum ya fi kyau ya sayi lasin na dindindin, ya bar na haya. Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya ba tilas ya yi sata ba: akwai LibreOffice, wadda masu ita suka bayar kyauta ga kowa tun farkon 2011, tana buga wasiƙa da lissafi, tana buɗe takardun Office.

Saboda haka ana jan hankalin Hakimai kada a karɓi kwamfuta, sabuwa ko ta hannu, ko da kyauta ce, sai malamin ofis ya buɗe ta gaban mai kawowa ya ga ta nuna an tabbatar da lasin. Rubutun neman tabbaci a ƙasan allo ta hannun dama alama ce ba a yi ba. Lambar da ake tallarta da arha ƙwarai a guje ta, gama yawanci ta wata ma'aikata ce, ana soke ta ba sanarwa. Malami ya buɗe littafi guda, ya rubuta sunan kowace manhaja, da lambarta, da ranar saye, da sunan kanti, da kwamfutar da aka ɗora ta, ya liƙa rasit a gefe. Littafin ya zauna a akwatin Hakimi, kuma in an yi canjin malami a miƙa shi ga sabon tare da mabuɗan ofis.