Gammon Waya da Ƙarfen da ke Ɓoye: Yadda Kwamfuta ke Auna Na'urar Gano Ƙarfe

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin jarrabawa a Dutsin-Ma ya san sandar nan da ake shafa wa mutum a ƙofa, ta yi ƙara in ta ji makulli ko wayar salula. 'Yar'uwarta ce masu neman zinariya suka riƙa saye da tsada tun da aka gano zinariya a Jado, arewacin Nijar, a 2014. Da yawansu sun ɗauka na'urar na hango abin da ke can ƙarƙashin ƙasa. Alhali ganinta gajere ne, kuma ana iya nuna haka a kwamfuta kafin a kashe ko kwabo.

Zuciyar na'urar waya ce ta jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo. In wutar lantarki tana kai da komo a cikinta sau dubbai a daƙiƙa guda, sai ƙarfin maganaɗisu ya kewaye ta. Wannan ƙarfi kan tayar da wata 'yar wuta a jikin duk ƙarfen da ke kusa, ita kuma ta mayar wa gammon da martani. Michael Faraday ne ya gano tushen wannan al'amari a Ingila a 1831. Masana halittu ma ba baƙi ba ne a nan: a 1951 Hans Lissmann ya nuna cewa kifin nan ɗan sarki yana kewaye kansa da wuta mai rauni, wadda yake laluben hanya da ita a gurɓataccen ruwa, ko da yake shi ba da maganaɗisu yake aiki ba.

To, yaya za a shigar da zobe ko ƙusa cikin kwamfuta? Manhajar SPICE, wadda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, ba ta san zinariya ba. Haɗin wayoyi kaɗai ta sani. Dabarar ita ce a ɗauki gammon da ƙarfen tamkar ɓangarori biyu na taransifoma. Ƙarfen sai a zana shi a matsayin ƙaramin gammo mai zagaye ɗaya wanda aka haɗe bakinsa, tare da 'yar turjiya ga wuta. Azurfa turjiyarta kaɗan ce, ta dalma kuwa da yawa. Sa'an nan a haɗa ɓangarorin biyu da wani adadi mai suna K, tsakanin 0 da 1, wanda ke wakiltar kusancinsu. LTspice, ɗaya daga cikin jikokin SPICE, kyauta ake samunta, saboda haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita na iya gwadawa.

A nan ne lissafi ke karya zancen 'yan talla. In ƙarfen ƙarami ne, kuma nisansa ya zarce faɗin gammon, ninka nisan sau 2 kan rage K kusan sau 8. Da yake saƙon zuwa yake ya dawo, martanin kan ragu sau 8 sau 8, wato sau 64. Ɗan gutsuren zinariyar da aka ji a zurfin taƙi ɗaya, a taƙi biyu sai na'urar ta yi gum.

Sai dai kwamfuta tana da nata makanta. Ba ta san jar ƙasa da marmarar da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ba, waɗanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe, har su kan sa na'ura kuka ba gaira ba dalili. Irin wannan ruɗu ya taɓa kama Alexander Graham Bell a 1881, sa'ad da ya nemi harsashi a jikin Shugaban Amurka James Garfield, wayoyin gadon da yake kwance a kai suka dagula masa awo. Malamin kimiyya a Kurfi da ke son darasin ya zauna, sai ya sa ɗalibai su naɗa gammon da hannunsu, su auna shi da ƙusa, da zobe, da ɗan dunƙulen marmara, sa'an nan su kwatanta da zanen da ya fito a allon kwamfuta.