Kafin a Ƙara wa Injin Wuta, a Duba Man da Zai Sha

Duk mai bin hanyar Jega zuwa Maiyama ya san direbobin Golf da Sharon ba sa son a wuce su. Shi ya sa wasu kan kai mota gareji su ce wa bakanike ya ƙara mata wuta. Sai a sauke top a kankare fuskarsa, a sa fistan mai tudu, a ɗaga taimin. Motar takan fito da zafinta kuwa, amma da wuya ta ga kakar albasa biyu ba a sake buɗe ta ba.

Matsalar tana wajen matsi. Fistan yana matse iska da fetur a cikin silinda kafin fulogi ya kunna musu wuta. Injinan waɗannan motoci sukan matse abin da suka shaƙa ninki 9 zuwa 10. Idan an ƙara matsin ƙarfi yakan ƙaru, amma kowane fetur yana da iyakar matsin da zai jure kafin ya fashe da kansa. Wannan juriya ake aunawa da lambar okten. Man da aka saba sha a Turai 95 ne, namu na gidan mai kuwa bai cika wuce 90 ko 91 ba. Na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka cikin rana, Allah kaɗai ya san lambarsa.

Idan matsi ya fi ƙarfin man, za ka ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in an taso daga Aliero da lodin buhuna, cikin zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Kowace ƙara duka ce a kan fistan. A hankali ringi ya karye, gaskit ya ƙone, wata rana injin ya buga a tsakiyar daji. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja taimin baya, ka ga ƙarfin da aka sayo da tsada ya tafi a banza.

A ganina, mai hankali ya bar matsin yadda kamfani ya yi shi. In silinda ta ci, a faɗaɗa ta daidai awon fistan na gaba, 0.25 ko 0.50, a sa ringi na asali. A sayi fulogi mai lambar da aka rubuta wa motar, ba wanda ya fi ƙyalli a shago ba. Matatar iska mai kyau da wankakken lagireto sun fi salansa mai ruri amfani nesa ba kusa ba, domin ruri ba gudu ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin da ke zuƙar fetur don burga, gidan mai motar yake ci.

Sannan a kula da birki da taya, don gudun haɗari. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har ƙasashen maƙwabta, amma ba kowa ake kai musu da rai ba. Direba, in kuɗinka ba za su kai ga gyara duka ba, fara da birki, injin ya jira wata kasuwar.