Waƙar da Ba Ta Yankewa a Motar Haya

A yawancin motocin da ke lodi a tashar Unguwa Uku a Kano ko ta Kawo a Kaduna, ramin kaset yana nan a jikin rediyo, amma ƙura ta daɗe da cika shi. Abin da ke aiki yanzu wata 'yar na'ura ce da ake cusawa a ramin kunna sigari, a sa mata memori ko filash, ita kuma ta jefa sautin kan wani layin FM da babu tasha a kansa. Masu sabuwar rediyo da Bluetooth suke haɗawa. Abin da ake kunnawa ma ya sauya: fayil ɗaya ne mai awa guda ko biyu, wanda wani DJ ya ɗinke waƙoƙi a cikinsa, wannan na shiga cikin waccan babu numfashi.

Dalilin farko na kayan aiki ne. Kaset mai minti 90 sai an juya shi duk bayan minti 45, ga zafin rana yana narkar da shi, ga rediyo tana cinye zaren. Faifan CD bai wuce minti 80 ba, kuma bai taɓa shiri da hanyoyinmu ba, domin rami ɗaya ya isa ya sa shi tsalle. Sautin MP3 kuwa minti ɗaya bai fi kimanin megabait ɗaya ba, don haka memori mai gig 4 yana ɗaukar sama da awa 60. Direban da zai tashi daga Kano zuwa Legas ya dawo ba zai ƙure shi ba.

Amma yawan wuri kaɗai bai bayyana dalilin da ya sa aka fi son haɗaɗɗiyar waƙa a kan waƙoƙi ɗai-ɗai ba. Amsar tana rumfar masu turi, waɗanda ake ce wa 'yan dawunlodin. Waƙoƙin da ke kwamfutarsu daga wurare daban-daban suka zo, wata sautinta ƙasa-ƙasa, wata kamar za ta fasa sifika. DJ ya riga ya daidaita wannan. Sannan maɓallan 'yar na'urar nan ƙanana ne, neman waƙa ta ɗari biyu a cikinta kana riƙe da sitiyari ganganci ne. Direba yakan miƙa memori ya ce, "Zuba min masu zafi," mai turi ya kwafa masa fayil biyar cikin ɗan lokaci, kowa ya huta. Bayan hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ta ƙaru, matasan da ke tuƙa ta suka ɗaura sifika a bayan kujera, kasuwar ta ƙara buɗewa.

Amfanin a fili yake. Hannun direba ya zauna a sitiyari, idonsa a hanya. Duk wanda ya ga direba yana lalube a aljihun mota yana neman kaset, mota tana gudu, ya san wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Abin da aka rasa shi ne ba a cika lura da shi ba. Ƙarewar kaset takan ba mutanen mota wata 'yar dama. Idan ya yi ƙas ya tsaya, a nan dattijon da ke gaba zai ce, "Malam direba, ko za a sa mana karatu?" A nan Hajiyar da ke baya za ta nemi a rage sauti saboda yaro ya yi barci, wani kuma ya zaro nasa kaset ɗin na Shata daga jaka ya miƙa. Babu wanda ya katse wani, domin waƙar ce ta ƙare da kanta. Yanzu wannan gaɓar babu ita. Mai son a sauya dole ya ɗaga murya a tsakiyar kiɗa, kuma Bahaushe yana jin nauyin haka, musamman a motar wani. Sai ya haɗiye. Motar haya tana ɗaukar malami da amarya da mai zuwa ta'aziyya a kujera ɗaya, kuma a ganina zalunci ne a ɗora musu zaɓin wani saurayi da ya haɗa waƙoƙinsa don gidan biki, har na tsawon awa uku.

Mawaƙi ma yana da nasa kukan. Ɗan Maraya Jos ya yi Waƙar Karen Mota, direbobi suka ji ta daga farko har ƙarshe, suka san mai ita. A haɗin DJ, waƙar Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef amshinta ake ɗauka da baiti ɗaya ko biyu a wuce, sunan da ake ta maimaitawa a kan kiɗan kuma na DJ ne. Kuɗin turi a rumfa yake tsayawa. Gaskiya ne haɗin yana kai sabuwar waƙa ƙauyukan da intanet bai wadata ba, kuma daga nan gayyatar biki take fitowa, wadda ita ce abincin mawaƙa da yawa. Sai dai waƙar da aka gina a kan labari ba ta yankuwa haka, don haka ba a sa ta.

Mafi nauyi shi ne batun barci. Direbobin dare da yawa sun yarda cewa kiɗa mai ƙarfi yana korar gyangyaɗi. Yana korarsa na ɗan lokaci, amma bugu iri ɗaya da ba ya sauyawa kunne yakan saba da shi, gajiyar kuma tana nan inda take. Sautin da ya cika mota yana rufe hon ɗin tirelar da ke tahowa a baya, da ƙarar tayar da ta fara lalacewa, da muryar yaron mota. Tsakanin Zariya da Kaduna da ƙarfe biyun dare, direban da idonsa ya yi nauyi tsayawa yake bukata ya runtsa, kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC su ne ke da bakin faɗa masa haka tun a tasha.